Wata Shidan da Ban Yi Ba a Ɗakin Haƙori

Ko tsufa zai kwashe mini komai daga ka, ba zan taɓa mantawa da ranar da na zauna gaban manyan mutane uku a Birnin Kebbi ina ƙirga haƙorana da harshe ba. Yanzu ina iya ba da labarin ina dariya. A lokacin kuwa sai da na yi wata guda ko kasuwa ba na yarda a aike ni. Kuma bari in faɗi gaskiya tun daga farko, kada wani ya ɓata tausayinsa a kaina: ba son aikin haƙori ne ya kai ni wurin ba. Hassada ce ta kai ni, kuma har ƙofa ta raka ni.

A Argungu aka haife ni. Babanmu masunci ne, in damina ta faɗi kuma ya koma fadama ya yi shinkafa. Innarmu tana da wa guda ɗaya, Kawu, da ke zaune a Nassarawa cikin Birnin Kebbi, kuma Kawu yana da ɗiya mai suna Luba. Tobashiyata ke nan. Kwana arba'in ta ba ni a duniya, saboda haka tun muna rarrafe dangi suke jera mu suna aunawa. Wa ta riga yin tafiya, wa ta fi haske, wa ta fi iya daka. A makaranta dai na fi ta, wannan ko ita ba ta musu. Ni ce mai ɗaukar na ɗaya, ita kuma tana can tsakiyar aji tana lallaɓawa. (Kuma ban taɓa barin wani biki ya wuce ban tuna wa mutane da hakan ba.)

Shekara ɗaya muka gama sakandare. Lokacin duk muna cikin Jihar Sakkwato, Birnin Kebbi ba ta zama babban birni ba, ko takarda za a sa wa hannu sai an tafi Sakkwato. Ni na koma gida ina jiran in nemi kwalejin horon malamai, don tun ina ƙarama koyarwa nake so. Kafin nan kuma ina taya Inna bandar kifi. Wanda bai taɓa wuni a gindin banda ba bai san yadda hayaƙin yake shiga gashi da zane ba. Ko sabulu uku ka ƙarar, kyanwar unguwa sai ta gane ka.

Luba kuwa sai Kawu ya samo mata ɗan aiki a ɗakin haƙori na asibiti. Ba wani aikin a zo a gani ba ne. Wanke kayan aiki, kiran sunayen masu jira, miƙa auduga, riƙe kan wanda ake cire wa haƙori. Amma an ba ta farar riga.

Wannan farar rigar ita ta hana ni sakewa.

Abin ya fito fili ne a wani suna da aka yi a gidanmu. Luba ta zo daga Birnin Kebbi, ta tarar da Kaka, mahaifiyar Inna da Kawu, ta ɗaure haɓa da kallabi, kwana huɗu haƙori ya hana ta cin tuwo. Mu mun yi mata kanumfari, mun yi mata sassaƙe, babu sauƙi. Luba ta wanke hannu, ta karɓi tocila, ta ce Kaka ta buɗe baki. Ta leƙa, ta ɗan ɓata fuska irin ta masu sani, ta ce a kawo ruwan ɗumi da gishiri. Washegari ta tafi da ita Birnin Kebbi aka cire haƙorin. Kaka ta dawo tana cin ƙashin kifi kamar budurwa.

Daga ranar Luba ta rasa sunanta. Ta zama Likita. Da ta sake zuwa Argungu, matan unguwa har layi suka yi a tsakar gidanmu, kowacce ta wangale mata baki. Ni kuma ina can gefe da zanen banda ina kwashe tuwo. Sai na ji Kaka ta ɗaga murya:

"Ke, mai ɗaukar na ɗaya! Tashi ki miƙo ma Likita ruwa, tun ɗazu taka aiki."

Mata suka yi dariya. Na kawo ruwan, har da ɗan rusunawa na tsokana don a ce ni ma wasa na ɗauke shi. Amma na koma bayan ɗaki na tsaya, ƙirjina yana zafi kamar na haɗiyi barkono.

A zuwan nan ne Luba ta ba mu labari cewa gwamnatin jiha za ta ɗauki nauyin ɗalibai zuwa wata makaranta a kudu, inda ake koyar da tsaftar haƙora. Mutum biyu za a ɗauka daga yankinmu. Wanda ya gama zai dawo da takardarsa, ya riƙa wanke wa mutane haƙora da kansa, yana duba dasashi, yana zagaya makarantu yana koya wa yara yadda ake goge baki. Ta ce za ta nema. Kaka ta yi guɗa tun kafin a ga fom.

Kafin rana ta faɗi na gaya wa Inna ni ma zan nema.

Inna ta ajiye ludayi ta dube ni. "Ke? Ke da ko kaza aka yankawa kina ruhe ido?"

Baba ya tambaye ni ina maganar koyarwa ta kwana. Na ce masa na yi tunani, na ga al'umma ta fi bukatata a fannin lafiya. (Al'umma ba ta san ma ina yi ba.)

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne Luba murna ta yi. Na so ta ɗan tsorata, ta ga babbar abokiyar takara ta shigo. Ina! Da kanta ta karɓo mini fom ta kawo har Argungu, tana cewa in Allah ya sa aka ɗauke mu tare, ɗaki ɗaya za mu zauna. Muka shimfiɗa tabarma muna dubawa. Suna, gari, sakamakon jarrabawa, duk na wuce su da fara'a. Sai muka zo wani layi da ke tambaya ko mai nema ya taɓa aiki a ɗakin haƙori, in ya taɓa, tsawon wane lokaci.

"Rubuta babu," in ji Luba. "Ba dole ba na. Sun ce ko ba ka taɓa yi ba kana iya nema."

Na dube ta ta wutsiyar ido. A raina na ce, yauwa, ashe ke ma kin iya. Wato ni in rubuta babu, ke ki rubuta shekara guda, a ajiye takardata a gefe. Na ce mata to, zan cika in na natsu. Tana hawa mota na ɗauki biro na rubuta da kyakkyawan rubutuna: wata shida, ɗakin haƙori, asibitin Birnin Kebbi. Lissafina shi ne masu intabiyu daga Sakkwato za su zo, ina za su san wa ya wanke wace tasa a Birnin Kebbi?

Iyakar sanina da ɗakin nan kuwa sau ɗaya ne. Wata rana ina gidan Kawu aka aike ni in kai wa Luba abinci. Na tura ƙofa, na hango wani mutum da takunkumi a fuska ya sunkuya a kan bakin wata mata, wani inji yana ƙara kamar ana fiƙe wuƙa. Na dire kwanon a bakin ƙofa na juya. In an haɗa duka, ban kai minti ɗaya ba. Shi na mayar wata shida.

Da takardar kira ta zo, na tafi gidan Kawu tun saura mako guda, wai don mu yi bita tare. Gaskiyar magana tatsar Luba na je yi. Muna tsince shinkafa ina tambaya, muna wanki ina tambaya. Me kuke yi da safe? Da me ake dafa kayan aiki? Wane ciwo aka fi kawowa? Ita kuma baiwar Allah ta saki baki tana ba ni, tana jin daɗi wai na damu da aikinta.

A cikin labaran akwai ɗaya da na ji na ce wannan nawa ne. Wani direban babbar mota aka kawo, kumatu ya kumbura, dasashinsa ya yi fari ya saluɓe. Dokta, wato likitan ɗakinsu, ya tambaye shi me ya sa a wurin, ya rantse bai sa komai ba. Da Dokta ya juya yana wanke hannu, Luba ta lura da rigar mutumin duk ƙananan huji a ƙirji, irin wanda ruwan batir ke yi. Ta matsa kusa ta ce masa a hankali, "Baba, ba faɗa za a yi maka ba, ruwan batir ka ɗiga?" Ya sunkuyar da kai ya ce abokan aiki ne suka ce yana kashe ciwon haƙori. Ta gaya wa Dokta, aka san abin da za a yi masa. Dokta ya yaba mata a gaban kowa.

Na haddace labarin nan kamar karatun allo. Ina wanka ina maimaitawa.

Ranar intabiyu muka yi sammako zuwa wani ofishi kusa da asibiti. An jera benci a baranda, mun kai mu goma sha biyu, maza da mata. Masu intabiyun sun riga sun shiga ciki. Kusa da ni wata yarinya ce daga Augie, sunanta Kulu, da takalmin roba da takardunta a cikin leda. Ta tambaye ni ko gaskiya ne da Turanci ake tambaya. Ta ce ita ko kujerar likitan haƙori ba ta taɓa gani ba. Innarta ce haƙoranta suka zube tun ba ta tsufa ba, shi ya sa take son ta san abin da ke kawo haka.

"To mi kinka rubuta a wurin aiki?" na tambaye ta.

"Babu."

Na girgiza kai cikin tausayi. Har shawara na ba ta, wai kada ta karaya in ba a dace ba bana, ta nemi ɗan aiki a asibiti ta sake gwadawa baɗi. (Allah ya yafe mini, har dafa kafaɗarta na yi.)

Aka kira ni kafin Luba. Ta matse hannuna ta ce Allah ya ba da sa'a.

Ɗakin yana da dogon tebur da mutum uku. A tsakiya wani Alhaji ne da babbar riga, ka gan shi ka ga wanda ya zo daga Sakkwato. A damansa wata Sista ce mai jiki, da hula fara da tabarau. Can ƙarshen tebur kuma wani siririn mutum ne da kaftani marar aiki, ya duƙufa yana rubutu, ko kai bai ɗago ba. Na ce wannan akawu ne. Na durƙusa har ƙasa na gaida Alhaji, na gaida Sista, shi kuwa na ɗan ɗaga masa gira.

Farkon abin ya tafi yadda nake so. Suka yi tambayoyi da Turanci, na amsa. Alhaji ya duba sakamakona ya gyaɗa kai ya miƙa wa Sista, ita ma ta gyaɗa. Na ji kaina ya fara girma. Sai Alhaji ya juya shafi ya tsaya.

"Kin ce kin yi wata shida a ɗakin haƙori nan Birnin Kebbi?"

"Ƙwarai, ranka ya daɗe."

Ya waiwaya ya dubi ƙarshen tebur. Siririn mutumin bai ɗago ba, amma bironsa ya tsaya. Ni ban kawo komai a raina ba. Na zaci so ake ya rubuta.

"Madalla," in ji Alhaji. "To ba mu labarin wani abu guda da kinka gani a wurin. Yi da Hausa, ai da Hausa za ki yi da masu ciwo."

Abin da nake jira ke nan. Na gyara zama na kawo direba. Na kumbura masa kumatu fiye da yadda Luba ta kumbura shi. Na kawo rigar da hujinta, na nuna a ƙirjina inda suke. Na rage murya na yi "Baba, ba faɗa za a yi maka ba" har da karkata kai. Sista ta cire tabarau tana kallona, na ɗauka labarin ne ya ratsa ta.

Da a nan na tsaya ma da sauƙi. Amma na ga kamar labarin yana bukatar gishiri. Luba ta fito jaruma a nata, ni dole in fi ta. Sai na ji bakina yana cewa:

"Shi likitan ma ya ruɗe. Ya duba, ya sake dubawa, ya rasa gane kan abin. Ni ce na ce masa, Dokta, kwantar da hankalinka, bari in gwada."

A nan ne siririn mutumin ya ɗago kai. Muryarsa a sanyaye take.

"Likitan ya ruɗe?"

"Ƙwarai kuwa. Har gumi ya yi."

"Gumi."

"Sharkaf," na ce, ina ɗan jin haushi wai akawu yana sa baki a maganar manya.

"Ikon Allah," ya ce. Ya rubuta wani abu. "To, ɗiyata, tunda kin daɗe a wurin, haƙora nawa ag ga bakin babban mutum?"

Wallahi na san amsar. Na rubuta ta a jarrabawa, na ci. Amma yadda ya yi tambayar, da yadda Alhaji ya koma ya jingina yana kallon silin, sai lambar ta gudu ta bar ni. Na nemi ta dawo, ta ƙi. Sai dabara ta zo mini: ai ina da baki. Na rufe leɓe na sa harshe a ƙuryar hagu na fara bi ɗaya bayan ɗaya. Ni a ganina a ɓoye nake yi. Ashe kumatuna yana ta motsi kamar na saka goro. Na gama na sama, na sauko na ƙasa, na ɓata lissafi a tsakiya, na koma farko. Su kuwa suna ta jirana.

"Ashirin da takwas," na ce.

"Naki ke nan," in ji Sista. "Mun ga kina ƙirgawa. Na sauran mutane fa?"

Talatin da biyu ce amsar; lokacin huɗun can ƙuryar baki ba su fito mini ba, shi ya sa. Alhaji ya yi tari ya rufe baki da hannun riga.

Siririn mutumin ya jawo wani faranti da aka rufe da farin ƙyalle, ya yaye. Ƙarafuna ne a jere suna walƙiya, wasu masu ƙugiya, wasu masu tsini. Sunayensu na ji a bakin Luba, amma ban taɓa haɗa suna da fuska ba.

"Mutum ya zauna, ina son in duba bakinai. Wanne za ki hwara miƙo mani?"

Ga ɗan madubi mai dogon mariƙi yana kallona, wanda ko yaro zai gane. Amma na ce a raina tambayar da ta zo da sauƙi haka akwai tarko a ciki. Na tsallake shi na ɗauko wanda ya fi kowanne girma, mai baki kamar na kada, na miƙa da hannu biyu cikin ladabi.

Sista ta kasa daurewa. Ta fashe da dariya ta ce, "Dokta, ka ji. Tun ba ka gaisa da mutum ba ka hwara cire mai haƙori."

Dokta.

Kalmar ta shiga kunnena ta sauka har tafin ƙafa. Na dubi idanunsa. Na rufe rabin fuskarsa a raina da takunkumi. Shi ne. Mutumin da na gani a sunkuye ranar da na dire kwano na gudu.

Ya karɓi ƙarfen daga hannuna ya mayar wurinsa a hankali, ya rufe farantin.

"Ni na likitan da yar ruɗe," ya ce. "Gumin kam na yi shi, don ran nan babu wuta. Amma yarinyar da tat tsaya kusa da ni, ban tuna tana da irin huskarki ba."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na so rufin ya faɗo, ko gobara ta tashi, ko a ce an yi juyin mulki kowa ya watse. Babu wanda ya faru. Fanka tana ta juyawa abinta.

"Wa yab ba ki labarin ga?" ya tambaya.

To ga wurin da har yau in na tuna ba na dariya. Da na yi shiru, da na ce a gari na ji. Amma na buɗe baki na ce, "Luba ce." Ban tsaya nan ba, na ƙara da cewa tobashiyata ce, a gidansu na sauka.

Ya dubi Alhaji, Alhaji ya dubi Sista. Aka ce in tafi, za a neme ni.

Ina fitowa Luba ta taso da sauri. "Yaya? Da wuya?"

"Da sauƙi," na ce. "Dokta ɗinku ma shina ciki."

Fuskarta ta washe. Aka kira sunanta, ta shiga da murna.

Kowa minti goma yake yi. Luba ta fi rabin awa. Da ta fito idanunta sun yi ja, ba ta dube ni ba, ta wuce. Na bi bayanta. Muka kama hanyar Nassarawa a ƙasa, rana tsaka, tana gaba ina baya kamar wadda aka aika ta raka ta. Sai da muka zo gindin wata bishiyar bedi ta tsaya ta juyo.

"Sun tambaye ni ko ni nis sa ki rubuta ƙarya. Sun ce ko mun haɗa baki na. Dokta ya ce ciwon mutane ba abin hira ba na a tsakar gida." Ta matso kusa da ni. "Shekara guda ina wanke jini da miyau. Bai taɓa ɗaga mani murya ba sai yau. Mi niy yi maki?"

Na lalubi amsa mai nauyi, irin wadda za ta sa ta ga ni ma an cuce ni. Abin da ya fito daga bakina shi ne:

"Kaka ta ce in miƙo maki ruwa."

Ta tsaya tana kallona kamar na yi wani yare.

"Don kohin ruwa?"

Na gyaɗa kai.

"Shekara goma sha biyu," ta ce, "duk hutun da nid dawo gida sai babana ya ce tobashiyarki ta ɗauki na ɗaya, ke kin ɗauki na nawa? Kin taɓa jin na ce wani abu? Abu guda nis samu da nika iyawa. Guda! Shi ma ba ki iya bar mani ba."

Ban taɓa tunanin haka ba, ko sau ɗaya. Ni a sanina ni kaɗai ke da zuciyar da ake ƙonawa.

Zan so in ce da kaina na tashi washegari na je na gyara ɓarnar da na yi. Ba haka aka yi ba. Kawu ne ya ji labari, ya sa hula, ya tasa ni gaba har asibiti. Muka jira Dokta ya sallami masu ciwo. Na durƙusa (wannan karon har ƙasa, ba gira ba) na faɗi komai: Luba ba ta san abin da na rubuta ba, ita cewa ta yi in sa babu, ni na yi ta jan ta da tambaya har ta ba ni labarin. Ina yi ina kuka, Kawu yana tsaye a kaina yana cewa, "Ɗaga murya, ba a ji."

Dokta ya saurara har na gama. Ya ce ya ji, kuma maganar Luba ta wuce. Sannan ya ce abin da ya fi dariyar Sista zafi:

"Takardunki sun hi na kowa kyau. Da babu kinka rubuta, da yanzu sunanki muka dubawa. Ba wanda ya iya muka nema ba, wanda za a koya ma muka nema. Amma wadda zan bar ma bakin mutane, dole in ta ce mani ta dahwa kayan aiki in yarda ta dahwa."

Bayan 'yan makonni sakamako ya fito. Luba ce ta ɗaya. Ta biyu kuwa Kulu, yarinyar Augie mai takalmin roba, wadda na dafa wa kafaɗa.

Labari ya riga ni isa Argungu. Ban san wa ya kai shi ba, amma ina zargin matar Kawu. Ƙannena in sun gan ni sai su tura harshe a kumatu su fara "ɗaya, biyu, uku". Baba kuwa sai ya tambaye ni ko al'umma ta yarda yanzu in koma maganar koyarwa. Na koma. A shekarar na samu kwalejin horon malamai, kuma aikin da na yi ke nan har na yi ritaya, ban taɓa nadamarsa ba.

Luba ta yi wata biyu ba ta yi mini magana. Ranar da za ta tafi kudu dai na shirya na je Birnin Kebbi ba tare da an gayyace ni ba. Na karɓi akwatinta na ɗora a kai har tasha, ba ta hana ba. Kulu tana can da ledarta ta gaishe ni da fara'a, wai ta gode da ƙarfin gwiwar da na ba ta ran nan. (Har yau ban sani ba ko da gaske take.) Da mota ta cika, Luba ta leƙo ta taga ta dube ni, ta daɗe, sannan bakinta ya ɗan motsa.

"Zan rubuto maki wasiƙa," ta ce. "Gaisuwa kawai. Labari ko guda ba ki samu."

Muka yi dariya mu biyu, ni da hawaye. Kuma don kada in yi muku wata ƙaryar a kan ta farko: da motar ta tashi na ga gyalenta yana kaɗawa a taga, sai da abin nan ya sake cizona a ƙirji. Bai mutu ba. Ko yanzu da muka yi jikoki, in muka je biki aka taso ana "Hajiya Luba, duba mini wannan", ina jin ɗan motsinsa. Sai dai na koyi in bar shi ya yi motsinsa ya kwanta.

Darasin da na ɗauka ba mai zurfi ba ne, amma ya yi mini amfani. Hassada in ta zo, a ba ta wuri ta zauna, amma kada a miƙa mata biro ta cika fom. Kuma duk ɗakin da na shiga tun daga ranar, kowa nake gaidawa har ƙasa, musamman wanda ya fi kowa shiru a ƙarshen tebur.